Ina Dandalinmu Ya Tafi?

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Saboda haka na ga ya dace in yi amfani da wannan fili da aka ba mu in yi ɗan bayani a kan dandali, wato filin wasan nan da kowace unguwa take da shi a da, da kuma yadda aka yi ya suɓuce mana muna ji muna gani. Ni mutumin Roni ne, cikin masarautar Kazaure a Jihar Jigawa, don haka da ƙasarmu zan riƙa ba da misali. Shekaruna 16, ƙarshen abin kawai na riska. Sauran bayanin daga bakin kakata da kawunnaina na ji shi, wani kuma na karanta a laburaren makaranta.

Mene ne dandali?

Dandali fili ne da ake bari a tsakiyar unguwa ko a ƙofar gidan mai unguwa, sau da yawa a gindin wata babbar bishiya kamar ceɗiya ko durumi ko tsamiya. Ba shi da katanga, ba shi da ƙofa, ba a biyan ko kwabo kafin a shiga. Da rana dattawa ne ke da shi. Su shimfiɗa tabarmi ana hira, wani yana saƙar faifai ko tufkar igiya, waɗansu kuma suna dara, wadda ake haƙa wa gurbi 30 a ƙasa, kowane ɗan wasa ya riƙe 'ya'ya 12. Da dare kuwa, bayan an ci tuwo an yi sallar isha'i, sai fili ya koma hannun yara da samari da 'yan mata.

Dandali ya fi cika a lokacin kaka, sa'ad da aka girbe gero da dawa, aka cire gyaɗa, rumbuna suka cika, hankalin kowa ya kwanta. In kuma aka yi dace da farin wata, to, ranar ba mai zaman ɗaka sai marar lafiya. 'Yan talla sukan jeru a gefe da fitilunsu na aci-balbal, mai gyaɗa da mai aya da mai dafaffen rogo, can kuma ga mai tsire ya kafa tukubarsa.

Kada mai karatu ya zaci wurin hargitsi ne. Akwai sarkin samari, akwai shugabar 'yan mata, su ne masu raba faɗa da tsawata wa marar kunya. In abu ya fi ƙarfinsu a kai wa mai unguwa. Kowane babba da ya zo wucewa yana da ikon ya kwaɓi yaron da ya ga yana ɓarna, ko da bai san ubansa ba, domin a lokacin an riƙe maganar nan da ake cewa ɗa na kowa ne.

Wasannin da ake yi

Wasan maza da ya fi farin jini a unguwarmu shi ne langa. Yara sukan kasu gida biyu, kowa ya kama ƙafarsa ɗaya ta baya da hannu, yana tsalle da ɗayar. Akan zaɓi mutum guda a ce shi ne ruwa, ana so ya kai wani wuri da aka shata. 'Yan ɓangarensa suna ba shi kariya, abokan karawa kuwa suna neman su ture shi. Duk wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi, ya fita. Wanda bai taɓa yi ba sai ya ga kamar da sauƙi, amma minti biyar ya isa gumi ya jiƙe riga. Akwai kuma ɗan akuyana, inda ake riƙe hannuwa a yi da'ira, a sa ɗaya a tsakiya yana neman hanyar kuɓucewa, da wasan ɓuya, da 'yar kokawar da ba a rasa ta a kan yashi.

'Yan mata kuma gaɗa suke yi. Sukan tsaya a jere kamar rabin da'ira, zabiya tana bayarwa saura suna amshi da tafi, ɗaya ta fito ta juya baya ta faɗo, ƙawayenta su cafe ta su cilla sama ta dira. Yarinya ba ta sakin jiki ta faɗo sai ta amince da waɗanda ke bayanta. A cikin waƙoƙin gaɗa ne 'yan mata suke faɗin abin da ba su iya faɗa a gaban iyaye, kamar ƙin auren dole da kewar gida da zaman kishi.

Ƙanana waɗanda ba su kai shiga langa ko gaɗa ba sukan taru a zaure ko a tsakar gida wurin wata tsohuwa, ta yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, da wautar Kura, da wayon Dila. Akan ce wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓata. Kakata ta bayyana mini cewa dabara ce ta manya, don kada yara su bar aike da aikin gona su zauna hira.

Ban da waɗannan na kullum, akwai na shekara-shekara. Idan azumi ya kwana goma akan fara tashe, yara su bi gida gida suna kwaikwayon Jatau mai magani, da Macukule, da Mairama da Daudu, ana ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Raha ce, amma kowane wasa da darasinsa, don ana zolayar rowa da ƙazanta da lalaci. A birnin Kano har akwai Nalako, sarkin gwagware, mai tashen waɗanda ba su da aure. Bayan girbi kuma akan yi kalankuwa, samari su naɗa wa junansu sarautu na wasa, a kira makaɗa a kwana ana shagali. A wannan lokaci ne 'yan dambe suke yawo gari gari da masu kalangu. Dambe asalinsa wasan mahauta ne, ana naɗe hannu ɗaya da kara, wanda aka kai ƙasa a ce an kashe shi. Har gobe dattawa suna labarin Shago da mawaƙinsa Ɗan Anace kamar jiya aka yi.

Daga majigi zuwa wayar hannu

In aka tambayi yawancin mutane abin da ya kashe dandali, sai su ce waya. Da gaskiyarsu, amma waya ita ce auta a gidansu, tana da yayye. Abin da na lura da shi shi ne, duk lokacin da aka kawo sabon abin kallo, allonsa yakan fi na baya ƙanƙanta, masu kallonsa kuma su fi na baya raguwa.

Na farko shi ne majigi. Turawan mulkin mallaka sun kafa sashen shirya fina-finai a Ingila a 1939, aka riƙa aiko da motoci suna zagaya garuruwa. Bayan samun mulkin kai a 1960 gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da abin. Mota takan iso da la'asar, a yi shela, da dare a kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar hakimi ko a filin firamare, wani ma'aikaci yana bayani da Hausa ta lasifika. Akan nuna tsabta da rigakafi da noman zamani, kamar fim ɗin Baban Larai, da tafiye-tafiyen Sardauna. Majigi bai ɓata wa dandali komai ba, domin kyauta ne, a fili ake yi, gari guda ke kallon allo guda. In mota ta tafi, yara su kwashe mako suna kwaikwayon abin da suka gani.

Na biyu shi ne sinima. An buɗe Rex a Kano a 1937, daga baya aka sami irin su Palace da Plaza da Orion da Marhaba. Ita sinima tana da katanga da ƙofa da tikiti, wanda ba shi da kuɗi sai ya tsaya a waje. Iyaye ma ba su yarda da ita ba, musamman bayan gobarar sinimar El-Duniya a 1951, wadda ta ci rayuka fiye da 300. Mutanen karkara irin namu sai wanda ya je cin rani birni yake dawowa da labarin fim ɗin Indiya, ya zauna a dandali ya ba da shi daga farko har ƙarshe, har da kwaikwayon yadda jarumi ya yi faɗa.

Na uku talabijin. A farkon shekarun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, aka kafa tashar CTV a Kano, lokacin ƙasarmu tana cikin Jihar Kano, don sai a 1991 aka yanke Jigawa. Kawuna ya ce mai akwatin talabijin yakan fito da ita ƙofar gida, yaran unguwa su zauna a ƙasa suna kallon wasannin kwaikwayo irin na Samanja Mazan Fama. Taro ne har yanzu, sai dai an daina wasa, an koma kallon masu wasa. A ganina daga nan ciwon ya soma.

Sai bidiyo ta shigo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, daga nan fina-finan Hausa suka yawaita. Kallo ya shige cikin ɗaki, mata da yara suka samu abin da zai zaunar da su a gida. Samari kuma suka koma gidajen kallon ƙwallo, rumfar kwano da benci da janareto, a biya kuɗi a kalli Arsenal da Chelsea ko Real Madrid da Barcelona. Yaron da bai taɓa zuwa Dutse ba ya san sunayen 'yan wasan Landan kaf.

Daga ƙarshe ga wayar hannu, wadda ta shigo Nijeriya a 2001. Da farko ta kira ce kawai. Yanzu kuwa a je wurin masu turi a cika ta da fina-finan Indiya masu fassara, ko a sa data a shiga TikTok. Allon da gari guda ke kallo a zamanin majigi ya koma tafin hannun mutum ɗaya, har da abin toshe kunne. Sau da yawa a hutu nakan ga samari biyar a kan benci guda a teburin mai shayi, kowa ya sunkuyar da kai, ba mai ce wa wani uffan.

Sauran dalilai

Ba abin kallo kaɗai ya kawo wannan ba. Shi kansa filin an cinye shi. Jama'a sun ƙaru, ƙasa ta yi daraja, duk inda aka ga sarari sai a yanka fuloti. Dandalin unguwarmu ina aji uku na firamare aka fara zuba masa bulo a gefe guda. Kafin in gama aji shida an sare bishiyar, an jera shaguna. Ba wanda ya tsaya ya kare shi, domin ba shi da takarda, ba sunan kowa a kansa. Abin da yake na kowa da kowa, in aka zo rabo, sai ya zama ba na kowa ba.

Akwai kuma tsoro. Ƙasarmu tana maƙwabtaka da Jihar Katsina, labarin satar mutane da 'yan bindiga da muke ji daga yammacin jihar ya sa iyaye ba su son yaro ya yi nisa da gida bayan magariba. A birane kuma 'yan daba da masu ƙwacen waya sun fake da tashe, har rundunar 'yan sandan Jihar Kano ta hana yinsa a azumin 2024. Cutar korona ma ta yi nata a 2020, da aka rufe makarantu aka hana taro wata da watanni. Yaran da suka saba da zaman gida a lokacin, da yawansu ba su sake fitowa ba.

Wajibi ne kuma a faɗi gaskiya, dandali yana da nasa aibin. Cuɗanyar samari da 'yan mata har tsakar dare ta jawo abin kunya a gidaje da dama. Talla ta hana 'yan mata da yawa karatu. Wani lokaci wasa tsakanin unguwa da unguwa yakan rikiɗe ya zama faɗa har a fasa kai. Malamai sun yi wa'azi a kan haka, iyaye suka ji, aka buɗe makarantun Islamiyya na dare, wannan kuwa alheri ne babba. Sai dai garin gyaran gira an rasa ido. Maimakon a ware maza daban mata daban, a sa lokacin tashi, sai aka watsar da abin gaba ɗaya. Yaron da aka hana fita don a tsare tarbiyyarsa, ga shi a ɗaka da waya, yana kallon abin da ko a mafarki ba a taɓa yi a dandali ba, kuma ba babban da zai wuce ya kwaɓe shi.

Karatun boko ma ya ɗauke mu. Tun daga shirin ba da ilmin firamare ga kowa na 1976 yara suka ƙaru a makarantu. Mu da muke makarantar kwana mun fi wata takwas a shekara ba ma gida, lokacin kaka ma muna aji. Waɗanda ya kamata su koya wa ƙanana wasa ba sa nan, sai sarƙar ta tsinke.

Abin da muka rasa

Wani zai ce, ai zamani riga ne, kuma kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Haka ne. Amma ya kamata mu san abin da ya faɗi daga aljihun tsohuwar rigar kafin mu yar da ita.

Mun rasa wurin da ɗan attajiri da ɗan talaka suke zama ɗaya. A langa ba a tambayar ko ɗan wane ne kai, in ka saki ƙafa ka fita, ko da ubanka ne dagaci. Yanzu nishaɗi na mai kuɗin data ne da mai kuɗin shiga gidan kallo.

Mun rasa makarantar koyon zama da mutane. A dandali yaro yake koyon bin layi, da karɓar kaye ba tare da kuka ba, da yi wa shugaba biyayya, da shugabantar waɗansu in an zaɓe shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mun rasa harshe. Karin magana da kacici-kacici da salon magana a bakin tsofaffi da wurin wasa ake tsintarsu. Masana sun daɗe da hango wannan asara. Frank Edgar ya tattara tatsuniyoyin Hausa cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya rubuta Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970 don 'yan makaranta. Allah ya saka musu da alheri. Amma abin takaici, a ajinmu, da malamin Hausa ya tambayi wanda ya taɓa yin langa, kaɗan ne muka ɗaga hannu. Saura sai da aka zana musu a allo suka kwafa don jarrabawa. Abin da iyayenmu suka sani da ƙafafunsu, mu haddarsa muke yi daga littafi.

Abin da za a iya yi

Ba ina cewa a kashe talabijin a jefar da waya ba ne, ni ma ina kallon ƙwallo. Ina cewa ne a bar wa yara wuri da lokaci.

Ina roƙon iyayenmu masu unguwanni da dagatai da hakimai, da hukumomin ƙananan hukumomin Roni da Kazaure da Gwiwa da Babura, duk inda za a yanka sababbin fulotai a ware fili a yi masa takarda da sunan unguwa, kamar yadda ake ware wa masallaci da maƙabarta. A dasa bishiya, a kafa fitilar sola guda ɗaya. A raba wa maza gefensu, mata gefensu, a sa wani dattijo da wata dattijuwa su riƙa zama, a tashi da ƙarfe tara da rabi. Wannan bai saɓa wa addini ba, kuma bai fi ƙarfin aljihun unguwa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar, waɗanda Babura take iyaka da su, sun nuna mana hanya. Tun 1975 suke shirya gasar kokawa ta ƙasa baki ɗaya, wanda ya yi nasara a ba shi takobi, jama'a kuma suna bin ta a rediyo da talabijin kamar yadda muke bin ƙwallon Turai. A nan Nijeriya ma langa da dambe da kokawa suna cikin wasannin da ake karawa a bikin wasanni na ƙasa. Ashe ke nan abin da muke raina wa a gida, waɗansu suna cin lambar yabo da shi.

Mu ɗalibai kuma muna da namu aikin. Ƙungiyar Hausa ta makaranta tana iya neman izinin hukuma a riƙa ba mu daren Asabar guda a wata, a yi gasar langa tsakanin gidajen kwana, a yi tatsuniya da kacici-kacici. In mun je hutu, kowa ya ari waya ya ɗauki muryar kakarsa tana ba da tatsuniya ko tana bayanin wasannin zamaninsu, ya rubuta ya kawo wa wannan mujalla, kafin tsofaffin nan su tafi da abin da ke kansu. Da tsohuwar zuma ake magani. Sa'an nan kowa ya tara ƙannensa a ƙofar gida ya koya musu wasa ko da guda ɗaya ne.

Iyayenmu, ku ne kuka ga dandali da idonku, kun san daɗinsa kun san aibinsa. Ku tace mana, ku zubar da tsakuwar, ku ba mu tsabar. Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, ya shirya mana zuriya, ya sa mu gama karatu lafiya, amin.